Yadda Ake Bin Jirgin Ƙasa Daga Rum Zuwa Ƙauyukan Bakin Teku na Cinque Terre

Italiya ƙasa ce doguwa siririya, layin dogo kuma ya ratsa ta tun daga arewa har kudu, don haka mai zuwa yawon buɗe ido ba ya bukatar ɗaukar hayar mota. Tsakiyar tsofaffin biranenta ma an hana motar baƙo shiga, kyamara ce ke ɗaukar lamba, tara ta biyo ka daga baya. Hanyar da zan shimfiɗa a nan ta tashi daga birnin Rum, ta bi ta Firenze da Pisa, ta sauka La Spezia, ta ratsa ƙauyuka biyar na bakin Bahar Rum da ake kira Cinque Terre, sannan ta ƙare a Genova. Kwana takwas zuwa goma sun wadatar. In aka tara duk zaman da za ka yi cikin jirgi a wannan hanya, wajen awa shida ne kacal.

Abin da ke rikita baƙo shi ne jiragen iri biyu ne, kuma dokar wannan kishiyar ta wancan ce. Wanda ya gane wannan tun daga gida ya gama rabin aikin.

Mataki na farko: takardu da zaɓen lokaci

Italiya tana cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Mai fasfon Najeriya, Nijar, Ghana ko Kamaru sai ya nemi bizar gajeren zama, wadda ke ba da damar kwana 90 cikin kowane kwana 180. Tun watan Yunin 2024 kuɗinta yuro 90 ne ga babba, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu. Ana iya nema tun saura wata shida, kuma gara ka yi da wuri, don samun ranar ganawa kan ɗauki lokaci. Za a nemi inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da shaidar masauki na kowane dare, da tikitin komawa, da bayanin asusun banki. Ka rubuta jadawalin tafiyarka a takarda guda, gari bayan gari, ya dace da ranakun otal ɗin da ka kama.

Wajen sayen tikitin jirgin sama, ka nemi wanda zai sauke ka a Rum amma ya ɗauke ka daga Milan, birnin da ke wajen awa ɗaya da rabi a jirgin ƙasa daga Genova. Yin haka ya fi ka koma baya har Rum, ka ɓata yini guda a hanyar da ka riga ka gani.

Lokacin da ya fi shi ne daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Yuni, ko Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. Yuli da Agusta akwai zafi, akwai tsada, akwai cunkoson da sai ka bar jirgi biyu sun wuce kafin ka samu shiga. Ƙarshen Oktoba da Nuwamba kuma damina ce mai haɗari a wannan gaɓa: ranar 25 ga Oktoban 2011 ambaliya da laka suka binne titunan Vernazza da Monterosso, aka rasa rayuka. Ka kuma tuna cewa daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogon Italiya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya.

Mataki na biyu: ka san jirgin da za ka hau

Kamfanin gwamnati shi ne Trenitalia. Akwai kuma Italo, kamfani mai zaman kansa da ya fara aiki a 2012, wanda ya fi ƙarfi a layin manyan birane. Dukansu suna da shafin intanet da manhajar waya. Ka sauke manhajar Trenitalia tun kana gida, ka gwada ko katin bankinka yana biya a kanta, domin ba kowane katin naira ke aiki a waje ba, kuma wanda ke aiki yana da iyakar abin da zai fitar a wata.

Iri na farko su ne jirage masu sauri da masu dogon zango: Frecciarossa, wanda ke gudun kilomita 300 a awa, da na Italo, da Intercity. Tikitinsu yana ɗauke da lambar jirgi, lambar tarago da lambar kujera, kwatankwacin na jirgin Abuja zuwa Kaduna. Farashinsu yana hawa gwargwadon kusantowar rana. Trenitalia tana sayar da shi hawa uku: Base, mai tsada amma ana iya sauya shi, sai Economy, sai Super Economy, mafi araha, wanda in ka makara kuɗinka ya tafi. Wannan irin tikiti tun saura mako uku ko wata guda ake saye. Ba ya bukatar a buga masa hatimi, ka nuna shi a waya kawai.

Iri na biyu shi ne Regionale, jirgin da ke tsayawa a ƙananan tashoshi. Farashinsa ba ya motsi, ko yau ka saya ko wata guda da ya wuce, kuma ba a ware wa kowa kujera. Saboda haka babu amfanin ɗaure kanka da wuri, ka saya a ranar tafiya. Sai dai a nan tarkon yake. In tikitin takarda ka saya a inji ko a taga, dole ka cusa shi cikin wani ƙaramin inji da ke manne a bango kusa da dandamali, ya buga masa rana da lokaci, kafin ka shiga jirgi. Tikitin da ba a buga ba daidai yake da babu a wurin mai dubawa, tarar kuwa ta ninka kuɗin tikitin sau da yawa, kuma cewa kai baƙo ne ba za ta cece ka ba. In injin ya lalace, ka nemi shugaban jirgin da zarar ka shiga, kada ka zauna jiran ya iske ka. Tikitin Regionale da aka saya ta waya ba ya bukatar inji, yana ɗaure ne da jirgin da ka zaɓa, kuma ana iya sauya lokacinsa a manhaja kafin jirgin ya tashi.

Mutane kan tambaya ko su sayi Eurail, katin nan da ke ba wanda ba mazaunin Turai ba damar hawa jirage na wasu kwanaki. A wannan hanya ban ga ribarsa ba. Zangon gajeru ne, akasarinsu Regionale ne masu araha, Italo ba ya karɓar katin, kuma ko da shi a hannunka sai ka biya kuɗin kujera a Frecciarossa. Katin ya fi dacewa da mai ratsa ƙasashe uku ko huɗu.

A tasha kuma akwai kalmomi kaɗan da ba makawa sai ka san su. Allon da aka rubuta Partenze shi ne na masu tashi, Arrivi na masu isowa, kuma baƙi da yawa kan tsaya gaban na biyun suna neman jirginsu. Binario shi ne lambar dandamali, carrozza tarago, posto kujera, ritardo jinkiri. Sunayen garuruwa da Italiyanci ake rubuta su: Roma, Firenze, Genova, Milano. Allon yana nuna tashar ƙarshe ce ta jirgi, don haka jirgin da zai kai ka Firenze ana iya rubuta masa Milano ko Venezia. Lambar jirgi za ka bi, ita ce ba ta ƙarya. Sau da yawa ba a fitar da lambar dandamali sai saura minti goma ko sha biyar, kada hankalinka ya tashi.

Mataki na uku: kaya

Ƙaramin akwati guda da jakar goyo. Na san wannan magana tana da nauyi ga wanda ya saba tafiya da akwati biyu da tsarabar dangi, amma ƙauyukan da za ka je a jikin dutse aka gina su, tituna matakala ne, masaukai da yawa ba su da lif, kuma ba mai ɗaukar maka kaya a tasha. Sayayya ka bar ta sai Milan, daren ƙarshe.

Kada ka sa kilishi, dambun nama ko man shanu a jaka, domin Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje. Ka tafi da takalmin kambas mai kama ƙasa, da kan caja mai ƙafa biyu zagayayyu, don namu mai ƙafa uku ba ya shiga soket ɗinsu. Fasfo ya kasance a jikinka kullum, a jakar da ke ƙarƙashin riga. Masu yankan aljihu sun fi aiki a daidai ƙofar jirgi lokacin da ake turereniya, kuma duk wanda ya matso yana cewa zai taimake ka da injin tikiti alhali ba ya sanye da kayan ma'aikata, ka ce masa ka gode ka juya.

Mataki na huɗu: Rum, dare uku

Daga filin jirgin sama na Fiumicino, jirgin Leonardo Express yana kai ka babbar tashar Termini cikin minti 32 ba tsayawa. Ka kama masauki kusa da Termini. Unguwar ba ta fi kowace kyau ba, amma nan layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa suka haɗu, kuma a unguwar Esquilino da ke maƙwabtaka akwai gidajen abincin halal da kasuwar da za ka samu doya, agada da barkono.

Daga Termini tasha biyu ce a layin B zuwa Colosseo, katafaren filin wasan da aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya zamanin sarki Titus. Tikitinsa da sunanka ake yanka shi, da lokacin shiga, kuma ya haɗa da kufan tsohuwar tsakiyar birnin da tudun Palatino. Ka saya a shafinsu na hukuma tun kana gida, ka zaɓi farkon safiya. Pantheon, tsohon gidan bautar Rumawa da ya koma majami'a, wanda kubbarsa ta kankare ta kusa shekara 1,900 tana tsaye, tun Yulin 2023 ake biyan kuɗin shigarsa. Majami'ar St. Peter a Batikan kyauta ce, layin binciken tsaro ne dai dogo. A kowace majami'a ana bukatar suturar da ta rufe kafaɗa da gwiwa, namiji kuma ya cire hula.

Wurin da nake ganin bai kamata Bahaushe ya wuce ba shi ne Castel Sant'Angelo, a bakin kogin Tiber. An gina shi a matsayin kabarin sarki Hadrian, daga baya ya koma ganuwa da kurkukun fafaroma. Nan aka tsare al-Hasan al-Wazzan, malamin Fas da 'yan fashin teku suka kama a 1518 suka miƙa wa Fafaroma Leo na Goma. Shi ne Turawa suka sani da Leo Africanus, kuma a littafin bayanin Afirka da ya kammala a Rum a 1526 ya ambaci Kano, Katsina, Zazzau, Zamfara da Gobir. Tsawon ƙarnuka, abin da Turawa suka sani game da ƙasar Hausa akasari daga wannan rubutu ya fito.

In Juma'a ta riske ka a Rum, babban masallacin birnin da aka buɗe a 1995 yana arewa, a gindin tudun Monte Antenne. Ƙaramin jirgi daga tashar Flaminio zai sauke ka a Campi Sportivi, sauran tafiyar ƙafa ce. Ruwan sha kuwa kada ka saya, famfunan ƙarfe da ke zuba dare da rana a titunan Rum ruwansu mai tsabta ne, cika gorarka kawai.

Mataki na biyar: Firenze, dare biyu

Frecciarossa ko Italo, wajen awa ɗaya da rabi. Wannan shi ne tikitin da za ka saya da wuri. Ka tabbata an rubuta Firenze Santa Maria Novella, domin birnin yana da wasu tashoshi, Campo di Marte da Rifredi, waɗanda ba sa tsakiyar gari. Daga Santa Maria Novella minti goma ne a ƙafa zuwa babbar majami'a, wadda Filippo Brunelleschi ya ɗora wa kubbar jan bulo tsakanin 1420 da 1436. Hawa samanta matakala 463 ne, ba lif, kuma sai da ajiyar lokaci. Mai ciwon gwiwa ya haƙura, ya hau bas zuwa Piazzale Michelangelo da yamma, zai ga garin gaba ɗaya har da kubbar kanta, kyauta.

Gidajen tarihi na Uffizi da Accademia ba sa buɗewa ranar Litinin, ka tsara kwanakinka da wannan a rai. Wanda zai tafi da iyali ya sani cewa zane-zane da sassaƙe-sassaƙen da ke ciki da yawansu na tsiraici ne. In abin bai kwanta maka ba, yawo a gari ya isa: gadar Ponte Vecchio ta 1345 da shagunan maƙeran zinariya a kanta, da kasuwar kayan fata ta San Lorenzo, inda ake taya farashi.

Mataki na shida: Pisa, rabin yini

Pisa ba wurin kwana ba ne a wannan tsari. Ka tashi daga Firenze da safe a Regionale, wajen awa ɗaya zuwa Pisa Centrale, ka ajiye akwatinka a ɗakin ajiyar kaya na tashar, ka taka minti ashirin da ɗoriya ka tsallake kogin Arno zuwa filin da karkatacciyar hasumiyar nan ta Pisa take. An fara ginin hasumiyar a 1173, ta fara karkata tun ana hawa na uku saboda laushin ƙasa, ba a gama ta ba sai 1372. An rufe ta daga 1990 zuwa 2001 ana gyaran gindinta. Ana hawa, da ajiyar lokaci, amma ba a barin yaro ɗan ƙasa da shekara takwas.

Akasarin mutane hoto suke ɗauka suna tokare hasumiya da hannu su juya, alhali labarin yana jikin majami'ar da ke gefe. Da ganimar harin da mutanen Pisa suka kai birnin Palermo na tsibirin Sicily a 1063, lokacin tana hannun Musulmi, aka fara gina ta. A saman rufinta an ɗora wani mutum-mutumin tagulla mai kan tsuntsu da jikin zaki, aikin maƙeran Musulmi na ƙarni na 11, da rubutun Larabci na Kufi a jikinsa. Wanda ke sama yanzu kwafi ne, na ainihin yana gidan tarihin majami'ar a cikin filin. Ɗan garin nan ne kuma Leonardo Fibonacci, wanda ya koyi lissafi da alƙaluman Larabawa a Bijaya ta Aljeriya ya yaɗa su a Turai tun daga 1202.

Daga Pisa Centrale zuwa La Spezia awa ɗaya ne da 'yan mintuna. Ka zauna ta hannun dama. In ka hango duwatsu da fari fat a jikinsu, ba ƙanƙara ba ce, ma'adinan marmara ne na Carrara.

Mataki na bakwai: inda za ka kwana a gaɓa

Shawarata ka kwana a La Spezia ko Levanto, garuruwan da ke bakin layin ta kudu da ta arewa, ka riƙa shiga ƙauyukan da jakar goyo kawai. Ɗaki ya fi araha, ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, akwai manyan kantuna, kuma a La Spezia za ka samu mahautan halal. Levanto ta fi shiru, tana da bakin ruwa mai faɗi. Kwana cikin ƙauyen kansa yana da nasa daɗi, don bayan magariba masu yini sun watse, gari ya koma na masu shi. In ka zaɓi haka, ka tambayi mai masauki matakala nawa ne daga tasha zuwa ƙofarsa kafin ka biya. Kusan kowane gari yana karɓar harajin kwana a kan kowane mutum, wani lokaci a hannu, ka riƙe canji.

Mataki na takwas: ƙauyuka biyar

Daga kudu zuwa arewa sunayensu Riomaggiore, Manarola, Corniglia, Vernazza da Monterosso. Mazaunansu gaba ɗaya 'yan dubbai ne, masu ziyara kuwa miliyoyi a shekara. Kafin layin dogo ya iso a 1874, ta ruwa ko ta turbar ƙafa kaɗai ake zuwa. UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, ya zama gandun ƙasa a 1999, kuma ba don fentin gidajen ba ne kawai. Abin mamakin yana bisa kanka: gonakin inabi, zaitun da lemun tsami hawa-hawa a jikin tsauni, waɗanda aka tare da katangun dutse ba siminti, aikin hannu na ɗaruruwan shekaru. Duk inda aka bar gona katanga takan rushe, ƙasa ta zaftare, wannan na cikin dalilan da turbobi ke yawan rufewa.

Daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba jirgin Cinque Terre Express yana kai-komo tsakanin La Spezia da Levanto, sau uku ko huɗu a awa. Tsakanin ƙauye da ƙauye minti biyu zuwa biyar ne, kusan duk a cikin ramin dutse, teku sai dai ka hango ta walƙiya guda. A 2024 hawa ɗaya yuro 5, 8 ko 10 ne gwargwadon cunkoson ranar, katin yini na Cinque Terre Treno kuma yuro 19.50, 27 ko 32.50. Lissafin mai sauƙi ne: in za ka hau sau huɗu a yini, katin ya fi. Ya kuma haɗa da shiga turbobin da ake biya, da ƙananan bas na gandun, da ban-ɗakin tasha. Ba ya aiki a Intercity. Ka duba sabon farashi a shafin gandun kafin ka tafi.

Abu uku ke sa mutum ya wuce tasharsa. Ba kowane jirgi ke tsayawa a duk ƙauyukan ba, sai ka duba jerin tashoshinsa a allo. Ƙofa ba ta buɗe kanta, sai ka danna maɓalli. Na uku kuma, a Vernazza da Riomaggiore wani sashe na dandamalin yana cikin rami, jirgi zai tsaya kana cikin duhu ka ɗauka ba a iso ba, alhali an iso.

Kada ka ce sai ka gama biyar ɗin a yini guda, sauri ya haifi nawa. Ka raba su kwana biyu. Masu zuwa daga manyan jiragen ruwa da motocin yawon buɗe ido suna cika ƙauyukan daga wajen goma na safe zuwa huɗu na yamma, don haka ka yi sammako, tsakar rana ka hau tudu ko ka huta, ka dawo da la'asar.

Rana ta farko ka hau jirgin bakwai da wani abu zuwa Monterosso, mafi girmansu, kuma mai bakin ruwa na yashi. Mai iyali ya san cewa da rana wurin cike yake da masu kayan ninƙaya. Daga nan ka kama turbar ƙafa zuwa Vernazza, kilomita uku da rabi, awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Farkonta matakala ne masu tsayi da za su sa ka haki, a wasu wurare kuma ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. Ladan yana ƙarshe, lokacin da Vernazza ta bayyana a ƙasanka da 'yar tashar kwale-kwalenta, da majami'ar da ke tsaye a bakin ruwa, da hasumiyar da aka gina don hango 'yan fashin teku. Tun 2019 an hana bin turbobin da silifas ko takalmi buɗaɗɗe, tarar tana farawa daga yuro 50 har 2,500. In hukumar yanayi ta ba da gargaɗi mai launin lemo ko ja, ana rufe turbobin. Kada ka tsallake shinge, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Da yamma ka je Corniglia. Ita kaɗai ce ba ta bakin ruwa, tana kan tudu wajen mita 100 sama da teku, kuma daga tasha matakala kusan 380 ne. Akwai ƙaramar bas da ke jira a bakin tasha. In kana tare da Hajiya ko Baba, bas ɗin za ku bi, ko da za ku jira ta biyu. Wahalar hawan ce ta sa ta fi sauran sarari, ni kuma nan na fi so a zauna a sha iska.

Rana ta biyu ta Riomaggiore da Manarola ce. Turbar da ta haɗa su, Via dell'Amore, kusan kilomita ɗaya ce a kwance a jikin dutse. An rufe ta a 2012 bayan faɗowar duwatsu, aka sake buɗewa a 2024, yanzu da ajiyar lokaci da ƙarin kuɗi, kuma daga Riomaggiore ake shiga. Ita ce ta dace da tsofaffi da yara. Hoton nan na gidaje masu launi-launi a kan baƙin dutse da ka saba gani, na Manarola ne, daga turbar Punta Bonfiglio ake ɗaukarsa, rana kuma ta fi haska shi gab da faɗuwarta. In teku ta kwanta, ka yi zango ɗaya a jirgin ruwa, domin daga ruwa ne ake ganin yadda ƙauyukan suka maƙale. Ba ya tsayawa a Corniglia, kuma katin jirgin ƙasa bai haɗa da shi ba. Da sauran lokaci, yana kaiwa har Portovenere, wadda ba ta da tashar jirgin ƙasa, sai ka dawo La Spezia a bas.

Mataki na tara: ci da ibada

A gaɓa abinci bai da wuya, don kifi ne da kayan lambu. Akwai soyayyen kifi da ake zubawa a takarda, da ƙananan kifayen acciughe da Monterosso ta yi suna da su, da taliya da pesto, miyar ganye kore da aka niƙa da tafarnuwa, cuku da man zaitun, da farinata, wadda ake gasawa da garin wake, ruwa, mai da gishiri. A Rum da Firenze ne ake bukatar lura. Kalmomin naman alade da za ka guje wa su ne maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, salame, mortadella, speck, lardo da strutto, wato kitsen alade da kan shiga burodi da cincin. Carbonara da amatriciana da naman alade ake yin su. Vino giya ce, takan shiga miya da kayan zaƙi, ka tambaya, matambayi ba ya ɓata. In ka ga coperto a takardar biya ba cuta ba ce, kuɗin zama ne a tebur.

Babu masallaci a ƙauyukan. Ka yi sallarka a masauki, ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kafin ka taso. Alƙibla daga Italiya kudu maso gabas take. A watan Yuni magariba kan kai wajen tara na dare, asuba kuma ta yi wuri ƙwarai, manhajar lokutan sallah za ta taimaka.

Mataki na ƙarshe: Genova da komawa

Daga Monterosso ko Levanto, Intercity yana kai ka Genova cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Regionale ya fi jinkiri amma yana tsayawa a Camogli, garin masunta mai dogayen gidaje, wanda bai kai Cinque Terre cunkoso ba. Ka sauka a Genova Piazza Principe, ita ce kusa da tsohuwar tashar ruwa. Yini guda ya isa ka ga titin Via Garibaldi da fadojin attajiran ƙarni na 16 da UNESCO ta karrama a 2006, ka kuma ratsa lungunan tsohon gari. A titin Via Prè, dab da tasha, akwai shagunan 'yan Afirka ta Yamma da na Larabawa.

Genova zuwa Milano Centrale wajen awa ɗaya da rabi ne, daga nan Malpensa Express ya kai ka filin jirgin sama cikin kusan awa guda. In jirginka na safe ne, ka kwana a Milan. Dalili shi ne yajin aiki, wanda suke kira sciopero, abu ne da ma'aikatan jirgin ƙasa na Italiya ke yi akai-akai. Ana sanar da shi tun kwanaki kafin ranar, kuma a ranakun aiki akwai jiragen Regionale da aka lamunce za su yi tafiya daga shida zuwa tara na safe, da shida zuwa tara na dare. Saura mako guda ka tashi, ka duba shafin Trenitalia ko an sa yaji a ranakunka, ka sake dubawa kwana biyu kafin komawa. In jirgi mai dogon zango ya makara da awa ɗaya, kana da haƙƙin a mayar maka da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti, in ya kai awa biyu kashi 50, kuma ta shafin kamfanin ake nema, don haka kada ka goge tikitin daga wayarka sai ka isa gida.